Takaba a Kan Siminti

A unguwar Nima ta Accra, duk macen da mijinta ya mutu, kafin maza su dawo daga maƙabarta Indo ta riga ta iso da tabarma a hammata. Ba wanda ya naɗa ta wannan sarauta. Ita ta naɗa kanta, tun shekarar da ta sauko daga Dogon Dutsi ta tarar, in ji ta, matan Accra na takaba kamar masu jinya a asibitin kuɗi, a kan katifa, har da matashi biyu. Dokarta ɗaya ce kuma ba ta da rassa: mai takaba ta sauka ƙasa, tabarma ɗaya, wata huɗu da kwana goma. Limamin unguwa ya taɓa aiko mata cewa ya duba littattafai bai ga wannan ba. Indo ta ce a gaishe shi, a kuma ce masa ya ƙara dubawa. Mata goma sha ɗaya ta zaunar a haka, kuma ko yanzu ka tashe ta daga barci za ta jero maka sunayensu da na mazajensu.

Ta goma sha biyun ce ta zo da matsala, don a cikin gidansu aka yi mutuwar. Hudu, ƙanen Indo uwa ɗaya uba ɗaya, mai sayar da albasa, ya dawo daga kasuwa ran wata Talata a ƙarshen watan Mayu na 1987, ya zauna a bakin ƙofa ya ce a ba shi ruwa. Kafin a kawo ya fasa sha. Ya bar mace ɗaya, Azara, haifaffiyar Maamobi, wadda ta shekara ashirin da biyar tana sayar da shinkafa da wake a bakin titi, da ɗa ɗaya, Abdulai, magidanci mai rumfar kayan mota a Abossey Okai.

Indo ta yi kukanta a bayan ɗaki inda ba mai gani, ta wanke fuska, ta ɗauko tabarma. Ita da kanta ta naɗe katifar gadon Azara ta jingine ta da bango, ta shimfiɗa tabarmar a tsakar ɗaki.

“Nan ne wurinki,” in ji ta.

Azara ta dubi tabarma, ta dubi Indo. “To, Yaya.”

Ita Azara ba mai gardama ba ce. Da Hudu kaɗai take gardama, shi kuma ya tafi ya bar ta da sauran maganar a baki.

Gidan na haya ne, ɗaki tara a zagaye da tsakar gida guda, kuma bayansa ne babbar kwatar nan ta Nima take wucewa, wadda ba ta taɓa bushewa ba tun da aka san ta. A ɗakin da ke kallon na Azara akwai wata nas mai suna Fusena. Allah ya yi ta da shiga abin da ba a sa ta ba, kuma abin haushi, yawanci tana da gaskiya. Ta san Azara na da hawan jini tun ba yau ba, ita ce ma ke kawo mata ƙwayoyi. Ran Juma'ar farko ta shigo da abin awonta, wannan mai ɗaure damtse da ɗan famfon roba, ta matsa, ta saurara, ta ce ɗari da sittin. Juma'a ta biyu, ruwa ya fara sauka sosai, ta ce ɗari da saba'in da biyar. Ta uku ta ɗaure ta matsa, ta sake ɗaurewa ta sake matsawa, sannan ta fito ta sami Indo tana tsince shinkafa.

“Mma Indo, zo ki taɓa ƙasan ɗakin nan.”

“Na san ƙasa. A kanta aka haife ni.”

“Ɗari da tamanin da takwas. Tana shan magani, na hana ta gishiri, baƙin ciki kuma ba ni da ƙwayarsa. Amma sanyin nan ina iya magana a kansa. In jiki ya kwana yana shan sanyi, jijiyoyin jini matsewa suke, kamar a taka robar famfo ruwa na gudu. Tsohuwarta haka ta tafi, ɓarin jiki ya shanye. Ki mayar da ita gado.”

Indo ta ajiye faifai. “Sanyi? A Accra? Yarinya, ke kin san sanyi kuwa? A garinmu ruwan randa na fasa haƙori, kuma uwata a ƙasa ta yi tata takabar, ni ma a ƙasa na yi tawa. Ga ni.”

“A garinku mene ne a ƙasan ɗaki?”

“Daɓe.”

“To nan siminti ne, ƙarƙashinsa kuma ruwan kwata.”

Indo ta ce Allah ya shirye ta, ta ci gaba da tsintar shinkafa. Amma da Azara ta zaga banɗaki bayan azahar, sai Indo ta leƙa hagu ta leƙa dama, ta shiga ɗakin ta kwanta a kan tabarmar, wai don ta samu abin ƙaryata yarinyar. Ba ta cika rabin sa'a ba ta tashi, ƙugunta kamar na aro. Sanyin ba irin wanda ta sani ba ne, mai dukan fuska ka ja bargo ka huta. Wannan ta ƙasa yake tasowa, da laima, ya ratsa kaba ya ratsa zane ya nemi ƙashi. Nan ta tuna abin da ba ta taɓa sawa a lissafi ba. Ita da bazara ta yi tata takabar, a kan daɓen da ya wuni yana shan rana, kusa da murhu. Tun zuwanta Accra kuwa, shekara talatin, ba ta taɓa kwana a ƙasa ba ko sau ɗaya. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, don tana son Azara, ko da yake ba ta taɓa ganin dalilin gaya mata ba.

To amma magana zarar bunu ce. Mata goma sha ɗaya ta saukar ƙasa, 'ya'yan mutane, wasu suna roƙo tana cewa a'a. Yau kuma don abin ya zo kan matar ƙanenta sai ta ce a hau gado? Ai kafin magariba duk Nima da Maamobi har Kotobabi sun ji cewa Indo mudu biyu gare ta, na gida daban na waje daban.

Kuma ba sai an je nesa neman mai kai labarin ba. Akwai Amama, ta bakwai a cikin goma sha ɗayan, ƙawar Indo ce ta masallaci, mace mai jiki, mai sayar da ƙuli-ƙuli. Tun ranar mutuwar ba ta fasa zuwa ba. Kullum bayan la'asar sai ta iso a hankali, ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa, ta ce, “Azara, ya haƙuri?” Daga nan ba ta ƙara kallon Azara. Tabarmar take kallo.

Indo ta aika aka kira Abdulai.

“Kwalayen nan da ake zuba muku kayan mota, masu kauri. Ina son guda shida.”

“Gwaggo, me za ki yi da su?”

“Shago zan buɗe.”

Ya kawo washegari. Indo ta jira tsakar gida ta yi shiru, ta farke kwalayen ta shimfiɗa biyu a ƙasa, ta yanke gefensu da wuƙa daidai faɗin tabarma, ta mayar da tabarma a kai. Azara na tsaye tana kallo.

“Yaya, wannan ya halatta?”

“Me kika gani?”

“Ban ga komai ba.”

“To zauna.”

Juma'a ta zo, Fusena ta auna ta ce ɗari da tamanin. Ta ɗaga gefen tabarmar da yatsa, ta ga hoton wani ƙarfen mota da rubutun Japan, ta sauke. Da za ta fita dai ta ce wa bango, “Biyu sun yi kaɗan.” Indo ta ƙara biyu. Sannan ta tuna akwai buhunan albasa na Hudu a lungu, irin na algarara masu kauri, ta kakkaɓe uku ta ninke ta sa a kan kwali.

Wannan ne kuskuren da ba ta hango ba. Azara na kwanciya, ƙamshin ya taso mata. Shekara talatin da ɗaya wannan warin ne ke riga Hudu shigowa ɗaki, shi ne a rigarsa, shi ne a matashinsa, a kansa suka yi rabin faɗansu. Matar da ba ta zubar da hawaye ba ko ranar da aka fita da gawa, har ana gulmar taurin zuciyarta, sai ga ta ta kifa fuska a tabarma tana kuka kamar ranta zai fita. Indo ta miƙa hannu za ta janye buhunan. Azara ta riƙe mata hannu gam.

“Bar su, Yaya. Don Allah bar su.”

Aka bar su. Amama ta iso da la'asar, ta zauna, ta yi gaisuwarta, ta daɗe tana kallo.

“Indo, tabarmar nan ta fi tawa ƙiba.”

“Damina ce. Kaba na kumbura.”

“Uhm. Tawa ma a damina na yi. Ba ta kumbura ba.”

“Ta Nijar ce wannan.”

Amama ta ce lallai Nijar ƙasa ce mai albarka. Bayan kwana uku aka ƙara sauran kwalaye biyu, har Azara in ta zauna ƙafarta na ɗan saukowa kamar mai zama a dakali. Amama ta ce in kabar nan ta ci gaba da kumbura a haka, kafin a fita takaba sai an nemo tsani. Indo ta ce Allah ya kai mu. Fusena kuwa ta auna ta ce ɗari da hamsin da biyar, kuma a ranar ne kaɗai aka ga haƙoran Indo tun bayan mutuwar.

Da abin ya tsaya nan da ba labari. Saura kwana uku sadakar arba'in, ran wata Alhamis da hantsi, sama ta yi baƙi ƙirin ta ɓangaren teku, aka tsuge da ruwa irin wanda ba ka jin maganar na kusa da kai saboda rufin kwano. Kafin azahar kwata ta cika ta tumbatsa, ta shigo gida ba sallama, da ledoji da ɓawon kwakwa da takalmin wani bawan Allah ƙafa ɗaya. Ruwa ya kai idon sawu a kowane ɗaki. Da ya janye, kwalayen nan shida sun zama koko, buhuna sun sha sun yi nauyin gawa.

Ga matan unguwa sun fara shigowa da tsintsiya da bokiti, taimakon gidan mutuwa. Indo ta ji muryoyinsu a ƙofar gida. Tsohuwa mai shekara sittin da bakwai, amma wallahi ba ka ga saurin da ta kwashe tarkacen nan ta tura ta tagar baya ba. Kwata ta karɓi kayanta ta wuce da su. Da mata suka shigo, abin da suka tarar shi ne tabarma ɗaya a kan siminti, yadda doka ta ce.

Daga ranar gida bai sake rabuwa da mutane ba. Baƙin arba'in suka fara sauka, dangin Azara daga Kumasi, 'yan albasa abokan Hudu da matansu, wasu a ɗakin Azara ma suke ajiye kaya suna shimfiɗa. Ba damar shigo da kwali ko na ashana. Simintin kuwa ya sha ruwa ya ƙoshi, in ka ɗora tafin hannu sai ka ga shatinsa. Fusena na aikin kwana uku a jere a asibiti, amma ta tare Indo a bakin famfo kafin ta fita.

“Mma Indo, yau kam gado. Ba wasa.”

“Bayan arba'in.”

“Jini bai san arba'in ba.”

“Kwana uku ne. Mutane sun cika gida. Bayan arba'in.”

Indo ta sani sarai. Wannan shi ne abin da ya fi cin ta daga baya, cewa ba rashin sani ba ne. Tana ganin Azara na tashi da safe tana dafe ƙeya, tana cewa kanta kamar an ɗora masa turmi, ita kuma tana ce mata ta daure, saura biyu, saura ɗaya.

Ran Lahadi da safe, malamai sun zauna a tsakar gida an fara karatu, mata na ta rabon masa. Indo ta kai wa Azara koko a kofi. Azara ta karɓa da hagu, kofin ya bi ta tsakanin yatsunta ya faɗi. Ta dubi hannun kamar na wani ne aka ajiye mata. Ta buɗe baki za ta ce wani abu, maganar ta fito a tauna, gefen leɓenta ya zube ƙasa.

Indo ba ta yi salati ba, ba ta yi ihu ba. Ta fito tsakiyar malamai, ta ratsa su ana cikin karatu, abin da ba ta taɓa yi ba tun da take, ta kama Abdulai a wuyan riga ta ce, “Mota.” Tasi ba ya shiga lungun, sai a kan kujera aka ɗauki Azara, maza huɗu, har bakin titi.

Kwana tara ta yi a asibiti. Indo ce ta yi jinya, a kan benci take kwana. Likita ya ce an yi sa'a, kaɗan ya taɓa ta, ƙafar za ta dawo, maganar ma za ta dawo, hannun kuwa sai abin da Allah ya yi. Hannun da take riƙe tukunya da shi tana zuba wa mutane abinci da ɗayan. Indo ta tambaye shi ko sanyin ƙasa ne ya jawo. Ya ce abubuwa da yawa ne ke haɗuwa, ba zai iya rantsuwa a kan guda ba. Indo ta ce ba komai, ita za ta iya.

Ranar da aka sallamo su, labari ya riga su isa. Mata sun cika ɗaki da baranda, 'yan sannu da zuwa, a cikinsu akwai huɗu daga cikin goma sha ɗayan. An share ɗakin tas. Kuma wata mai hankali ta wanke tabarmar ta shanya ta, ta shimfiɗa ta a tsakar ɗaki daidai inda take, don takaba ba ta ƙare ba, saura kwana tamanin da ɗaya. Amama na kan kujerarta a bakin ƙofa.

Azara ta shigo tana jan ƙafa, Fusena na riƙe da ita. Ta gaisa da kai. Sannan baiwar Allah, ba wanda ya ce mata komai, ta nufi tabarma ta fara neman yadda za ta durƙusa da hannu ɗaya.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Indo ta ce, “Tsaya.”

Ta je ta kwantar da katifar da ta jingine da hannunta, ta ja ta kan gado ita kaɗai, ba wadda ta taya ta don ba wadda ta gane abin da take yi. Ta shimfiɗa zane. Ta ce wa Fusena, “Kawo ta nan.”

Azara ta ce a hankali, da harshenta mai nauyi, “Yaya, mutane.”

“Na gan su. Hau.”

Ta hau. Indo ta juya ta fuskanci matan, ta gyara mayafi.

“Abin nan ba ya cikin littafi. Liman ya faɗa mini tun tuni, na ƙi ji. Al'adar garinmu ce, kuma a garinmu ƙasa daɓe ce mai ɗumi. Ni na ɗauko ta na ɗora a kan siminti. Har kwali na sa mata a ɓoye, shida, da buhu uku, don kada ku ce na yi mudu biyu. Na yi mudu biyun. Daga yau duk wadda mijinta ya mutu ta kwanta inda take kwana.”

Wata ta yi tari. Indo ta ɗauka an gama, har ta fara jin sauƙi a ƙirjinta, sai Amama ta yi magana daga bakin ƙofa, da muryar nan tata ta mai faɗin farashin ƙuli-ƙuli.

“Kwalin na gani tun ranar farko. Hoton ƙarfe na leƙowa.”

“To me ya hana ki faɗa?”

“So nake in ga ko nawa za ki sa mata.” Ta numfasa. “Ni kwana ɗari da talatin na yi, Indo. Ɗakina ya fi wannan kusa da kwata. A kwana na ashirin na ce miki ƙafafuna, kika ce Shaiɗan ne.”

“Na tuna.”

“Shekara tara ke nan ina sallah a zaune. A gefenki nake yi, sahu ɗaya, kowace Juma'a. Kin taɓa tambayata dalili?”

Indo ta gani mana, kowa ya gani. Ita a ranta ta ɗauka ƙiba ce, har ta taɓa yi mata tsiya a kai, aka yi dariya, Amama ma ta yi.

Amama ta ɗan ja zanenta sama, ba da yawa ba, iyakar gwiwa. Gwiwoyin sun kumbura sun yi sumul, ba ka ganin ƙashi, ɗaya ta karkace ciki. Ta bar su a buɗe har sai da ta tabbata Indo ta gani, sannan ta sauke zane.

Indo ta durƙusa a gabanta, a kan simintin, gaban kowa. Kunya da baƙin ciki suka rufe ta.

“Amama, ki yafe mini.”

“Ni ai na yafe tun tuni,” in ji Amama. “Gwiwar ce ba ta yafe ba.”

Ta leƙa gado ta ce wa Azara Allah ya ƙara sauƙi, ta ce za ta koma, ta bar gyaɗa a wuta. Sannan ta miƙa wa Indo hannu a tashe ta daga kujera. Indo ta miƙe ta kama ta ja da iyakar ƙarfinta, Amama ba ta ɗagu ba, sai da Fusena ta zo ta kama ɗaya hannun.